Tsintsiya da Littafi: Rayuwar Ɗan Sa Kai a Makarantar 'Yan Mishan

Tun da masu bibiyar wannan shafi suka ji cewa daga Ingila nake aiko da rubutuna a 'yan watannin nan, saƙonnin da ke shigo mini suka sauya salo. Da can kan tsadar taki da yajin aikin malaman jami'a ake tambayata. Yanzu kuwa kusan kowa abu biyu yake son sani: wace hanya ka bi, kuma nawa ake biyan ka? Amsar ta biyu gajeriya ce, ko sisin kwabo. Ta farkon ce ke buƙatar bayani, domin na lura matasa da yawa, Kirista da Musulmi, sun ɗauki aikin sa kai a ƙasar waje wata ƙofar baya ce ta zuwa ci-rani.

Inda nake wata ƙaramar makaranta ce a ƙauye, da ke horar da masu shirin tafiya aikin bishara a wasu ƙasashe. Irinta suna da dama a ƙasar. Akwai kwalejin All Nations, wadda aka kafa kusa da garin Ware a 1971 bayan haɗe kwalejoji uku. Akwai kuma makarantun ƙungiyar YWAM da Loren Cunningham ya kafa a 1960, inda ɗalibi ke yin kimanin wata uku a aji, sannan ya fita fage na wata biyu zuwa uku, kuma babu ma'aikacinta da ke karɓar albashi. Makarantu irin waɗannan ba su da kuɗin ɗaukar kuku da lebura da mai wanki, shi ya sa suke dogara ga 'yan sa kai. Su ba ka ɗaki da abinci, kai kuma ka ba su ƙarfinka.

Da ƙarfe shida ake tashi. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi, don haka cikin duhu ake fara aiki, cikin duhu ake tashi daga shi. Bayan addu'ar asuba, wadda kowa ke yi shi kaɗai, sai karin kumallo na burodi da shayi da kunun alkamar Turawa. Daga nan ɗalibai su shiga aji, mu kuma kowa ya duba allon da aka liƙa a bakin kicin ya ga inda sunansa ya faɗa. Wani makon firar dankali ne na mutum sittin, wani makon wankin zannuwan gado, wani kuma share ganyen da ya zube a harabar ko fentin ɗakunan baƙi. Shara kanta sai an koye ta: kwalba da mazubinta, takarda da nata, ragowar abinci da nasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan allo. Sunan shugaban makarantar yana kai, kamar na kowa. Dattijo ne mai digirin digirgir, wanda ya shafe shekaru yana aiki a Asiya, amma duk ranar Laraba da dare za ka same shi ya naɗe hannun riga yana wanke tukwane, kuma babu mai ruga wa ya karɓe masa soso. Na tambayi kaina shugabannin addini nawa ne a gida, na coci ko na masallaci, za su yarda a rubuta sunansu a jerin masu wanke bayi. Mun iya wa'azin tawali'u ƙwarai, mun kuma san labarin yadda Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa. Sai dai a wurinmu wanda ya fi kowa iya ba da labarin shi ne ake riƙe wa jaka.

Ɗan sa kai yana da izinin zama a wasu darussa idan ya gama aikinsa, kuma a nan na ga abin da ake koya wa ɗaliban. Ban da nazarin Littafi Mai Tsarki, ana koya musu dabarun koyon harshen da ba a rubuta shi ba, da kiwon lafiya na farko, da yadda baƙo zai zauna cikin mutane ba tare da ya raina al'adarsu ba. Tarihinmu ya nuna dalilin wannan shiri. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Hausa. Cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka rasu, Bingham kaɗai ya tsira. Likita Miller kuwa, wanda ya zauna a Zariya, sai da ya fara zuwa Tarabulus ya koyi Hausa, kuma aikinsa na cikin abin da ya kai ga buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Yau ga jikokin waɗanda aka zo wa suna dafa wa masu shirin tafiya abinci, wasu ma suna koyar da su.

Akwai wani nauyi da ban yi tsammaninsa ba. Kowane mako ana taruwa a yi wa wata ƙasa addu'a, da taswira a gaba. Da aka zo kan Nijeriya, duk abin da mutanen kirki nan suka sani game da Arewa shi ne Boko Haram da 'yan matan Chibok da ƙona majami'u. Ban musa ko ɗaya ba, domin sun faru, kuma na san gidajen da aka yi makoki. Amma na gaya musu cewa harsashin bai tsallake masallatai da kasuwanni ba, na kuma ba su labarin naman layya da ke shigowa gidanmu kowace Babbar Sallah, da shinkafar Kirsimeti da muke aikawa maƙwabta. Duk wanda ya fito daga gida ya zama jakadan unguwarsu, ko ya so ko bai so ba, kuma abin da ya faɗa shi waɗannan ɗalibai za su ɗauka su tafi da shi.

To, ga mai son zuwa, ga gaskiyar magana. Bizar da Birtaniya ke bayarwa don aikin agaji ba ta wuce wata 12, kuma sharaɗinta shi ne aikin ya zama na kyauta. Dole wata ƙungiya mai lasisi ta tsaya maka da takardar ɗaukar nauyi. Sai ka nuna fam 1,270 da suka kwana 28 a asusunka, in ba ƙungiyar ce ta ɗauki wannan lamuni ba, ga gwajin tarin fuka ga mai zama fiye da wata shida, ga kuɗin jirgi. A lissafa wannan da naira a ga ko ɗan talaka zai iya ba tare da ikilisiyarsa da danginsa sun haɗa masa ba. Duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka gurbin sa kai, daga baya ka zame ka kama aikin kuɗi, ramin da zai jefa ka yake haƙawa. Wanda kuma ya ɓace bayan bizarsa ta ƙare ya toshe hanya ga na bayansa, domin makarantar za ta yi ɗari-ɗari da duk takardar da ta fito daga Nijeriya.

Shawarata ga matashin da zuciyarsa ke kan hidima ita ce ya fara gwada kansa a gida. Ƙungiyar CAPRO a Zariya aka kafa ta a 1975, ECWA na da nata sashen bishara, ga sansanonin 'yan gudun hijira da asibitocin karkara da ke neman hannu, kuma ƙungiyoyin agaji na Musulmi ma ba su taɓa cewa masu taimako sun ishe su ba. Wanda ya iya share wata shida yana yi wa mutane aiki a Maiduguri ko Gusau ba tare da an biya shi ba, sanyin Ingila ba zai gagare shi ba. Wanda kuwa bai taɓa ɗaukar tsintsiya a gidan ubansa ba, kada ya sayar da gonar gado don ya zo ya ɗauke ta a nan.

Ga wanda ya cika sharuɗɗan kuma, ƙarin shawara ɗaya: ya sako yaji da kuka da daddawa a jakarsa, domin abincin nan babu barkono. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.