Kama da wane ba wane ba ne

A cikin Faransanci akwai wata ƴar kalma, «à». A cikin Hausa ma akwai «a». A ido kamar tagwaye suke. Shi ya sa ƴan makaranta da yawa, daga Gidan Runji har Gazawa, da sun ga «à» sai su rubuta «a». Wannan kuskure ne. Ya kamata a gyara shi tun ranar da yaro ya fara Faransanci.

Wani lokaci kalmomin biyu suna dacewa. «Il habite à Aguié»: yana zaune a Agye. Amma sau da yawa hanyarsu ta rabu. «Il va à Gazaoua»: za shi Gazawa. Nan babu «a» ko ɗaya. «À huit heures»: da ƙarfe 8. «Écris à ton père»: rubuta wa babanka. «Ce sac est à Hadiza»: buhun nan na Hadiza ne. Kalma guda, fassara 5.

Abin ba wasa ba ne. A ƙauye, ɗan makaranta ake kira ya karanta takarda. Idan ya ce buhun gero yana wurin Hadiza, alhali takarda ta ce nata ne, ya mai da kyauta ajiya. Gobe sai gardama ta tashi, har ta kai gaban mai gari.

Wasu malamai suna jera kalmomi a allo: «à» a, «dans» cikin, «sur» bisa. Sai yara su haddace. Suna cewa hakan ya fi sauri. Gaskiya ne, akwai sauri, amma jerin ba ya kai yaro nesa. Ko «a» ta Hausa ba fuska ɗaya gare ta ba. A Maradi, «à Maradi». A Nijar, «au Niger». A Faransa, «en France».

Abin da ya fi shi ne yaro ya karanta jimla duka. Sannan ya tambayi kansa: Ina? Yaushe? Wa? Na wa? Daga nan ya faɗi maganar yadda uwarsa za ta faɗe ta a gida, kana ya ɗauki alƙalami.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, don yaro ya fara karatu da harshen da ya sani. A 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Saboda haka bai dace a rubuta ta da ƙa'idar wani harshe ba. Mai fassara ma'ana yake ɗauka ya kai, ba ya ƙidayar kalmomi.