Sabon likita yana bukatar jagora

Kowace shekara makarantun kiwon lafiya na ƙasa, wato ta Yamai mai sunan Damure Zika da ta Damagaram, suna yaye samari da ƴanmata masu aikin jinya. Ƙasa tana kashe dukiya mai yawa wajen horonsu. Amma sau da yawa wanda aka tura ƙauye ba ya cika shekara biyu sai ya fara neman a maido shi birni, ko kuma ya koma aikin ƙungiyoyin agaji.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. A makaranta ɗalibi yana aiki a gaban malaminsa. A gidan likita na karkara kuwa, sau da yawa shi kaɗai ne: shi ke duba marasa lafiya, shi ke rigakafi, shi ke lissafin magani, shi ake tayarwa da tsakar dare in haihuwa ta gardama. Tun shekarar 2006, da gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, masu zuwa suka ƙaru. Da damina zazzaɓin cizon sauro da tamowa su cika ɗaki, da bazara a shiga fargaban sanƙarau. Matashin da ya rasa yaro a hannunsa, ba shi da wanda zai tambaya inda ya kuskure, aikin zai fita daga ransa.

Saboda haka bai kamata horo ya ƙare ranar ba da takardar shaida ba. Ya dace sabon likita ya fara yin watanni a asibitin gunduma, ƙarƙashin majo wanda ya daɗe a aiki, domin da tsohuwar zuma ake magani. Bayan an tura shi, babban likitan gunduma ya riƙa kai masa ziyara ta koyarwa, ba ta neman laifi ba. A riƙa kiran shi ƙarin ilimi, a biya shi haƙƙinsa kan lokaci, a kuma faɗa masa tun farko shekarun da zai yi kafin a canza masa wuri.

Jama'ar gari ma suna da nasu aiki. Masauki mai kyau da girmamawa suna zaunar da baƙo. Hakimai da magadan gari su lura: gini da magani ba sa warkar da kowa in babu mai jinya a ciki.