Ƙasar Rake da Tumatir, Amma Ina Baƙo Zai Zauna Ya Ci?

Duk wanda ya san arewacin Jihar Kaduna ya san cewa Ikara da Makarfi da Kudan ba wuraren da ake kuka da ƙarancin abinci ba ne. Raken Makarfi ya yi suna tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan shafi, kuma har gobe motoci na ɗibarsa zuwa garuruwa masu nisa, ban da mazarƙwailar da ake dafawa a bakin gonaki. Da rani fadamun Ikara da na Hunkuyi da Likoro sukan yi jawur da tumatir da tattasai da attaruhu, da damina kuma masara da dawa da waken suya su rufe ƙasa. Saboda yawan tumatir ɗin nan ne ma aka kafa kamfanin sarrafa shi a Ikara tun farkon shekarun 1980, kodayake kamfanin ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana tashi yana faɗuwa.

To amma a ce baƙo ya sauka a ɗaya daga cikin garuruwan nan da azahar, shi da iyalinsa, ba shi da ɗan'uwa ba shi da aboki a garin. Ina zai zauna ya ci abinci? Abincin dai akwai shi, kuma mai daɗi. Akwai mai waina a bakin tasha, akwai mai ɗanwake, akwai mai shinkafa da wake da mai da yaji, da yamma kuma mai tsire ya hura tukuba, mai shayi ya jera benci. Abin da zai yi masa wuyar samu shi ne wurin da matarsa za ta zauna ba tare da idon 'yan tasha ya yi mata caa ba, da ruwan da zai yarda yaransa su sha, da makewayin da mutum zai shiga ya fito da alwalarsa da mutuncinsa. Yawancin matafiya sun san haka, shi ya sa suke ɗaure ciki har sai sun kai Zariya ko Kano. Kuɗin da za su kashe a ƙauye sai su kashe shi a birni, a kan abincin da watakila daga ƙauyen aka ɗauko kayan miyarsa.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta daga bakin abokan aikina: wai cin abinci a waje ba al'adar Bahaushe ba ce, mutumin kirki a gidansa yake ci, baƙo kuwa masaukinsa ne ke ciyar da shi. Akwai gaskiya a ciki. Magidancin da aka saba ganinsa a rumfar 'yan tuwo-tuwo, ana yi masa kallon wanda gidansa ba lafiya. Amma tarihi bai goyi bayan sauran maganar ba. Fataken da suka riƙa ratsa ƙasar nan tsakanin Kano da Zariya da jakunansu, a zango suke sauka, kuma matan garin ne ke sayar musu da fura da tuwo. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike mai suna Emmy Simmons, tana aiki da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta bi diddigin abin da ake ci a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ta nuna cewa mafi yawan matan aure suna da sana'ar abinci a cikin gida, kuma abincin rana na gidaje da yawa saye ake yi. Kafin ita, Polly Hill ta yi rubutu a kan irin wannan ciniki a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, saboda duk wanda ya tsaya ga abin da ido ke gani a kasuwa ba zai san da shi ba. Ke nan sayen dafaffen abinci tsohon abu ne a wurinmu. Abin da muke jin kunya shi ne a ga mai dafawar, a kuma ga mai cin.

Wannan kunya tana da farashi, kuma ba maza ke biyansa ba. Tunda uwa tana cikin gida, mai saye yana bakin hanya, dole a sami wanda zai haɗa su, wannan kuwa ita ce yarinya mai talla. Ita ce za ka gani a Tashar Yari da tire a ka tana bin motoci da gudu a lokacin da sa'o'inta ke cikin aji. Muna zama a tarurruka muna zagin talla, muna kawo alƙaluman yaran da ba sa zuwa makaranta, amma ba mu cika tambayar abin da zai maye gurbin tiren ba. Uwar ba za ta daina sana'a ba, domin da ita take sayen sabulu da magani, da ita take tara kayan ɗakin yarinyar. Ita kuma matar da ta yi ƙarfin hali ta fito ta kafa rumfa da kanta, sau da yawa bazawara ce ko wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu, sai mu bi ta da sunaye. Mai kuɗin garin ba zai zuba jari a sana'ar da ake yi wa wannan kallo ba. Zai gwammace ya buɗe gidan mai na uku a kan titi ɗaya.

A nan ne nake so mu leƙa karkarar Ingila, ba don abincinsu ya fi namu ba. Duk wanda ya zauna a can ya san yadda harshen Bahaushe ke kewar daddawa da yaji. Abin lura shi ne wasu daga cikin gidajen abincin da suka fi suna a ƙasar ba a Landan suke ba. Bray ƙauye ne a bakin kogin Thames, amma yana da gidajen abinci biyu, Waterside Inn da Fat Duck, masu tauraro uku-uku na littafin Michelin, wanda shi ne matsayi mafi girma da littafin ke bayarwa. A can arewa maso yamma, a ƙauyen Cartmel na yankin Cumbria, wani mai dafa abinci Simon Rogan ya buɗe gidansa a 2002 a cikin tsohuwar maƙera, ya ma raɗa masa suna L'Enclume, wato uwar maƙera da Faransanci. Yana da gonarsa kusa da ƙauyen, daga nan ake tsinko ganye da kayan lambun da za a dafa, kuma a 2022 ya sami tauraronsa na uku. Mutane na tuƙi na sa'o'i don su ci abinci a wurin, su kwana a masaukin ƙauyen, su yi sayayya a shagunansa. Shi kansa littafin Michelin ɗin, kamfanin taya ne na Faransa ya fara buga shi a 1900, don masu mota su sami dalilin fita su ci taya. Tun asali ke nan abinci da hanya tare suke tafiya.

Waɗannan gidaje na attajirai ne, kuɗin cin mutum ɗaya a cikinsu zai ciyar da gida guda a Gubuchi na tsawon watanni, kuma ba su nake kira a kwaikwaya ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ɗan gidan abincin ƙauye da ake samu ko'ina a ƙasar, inda iyali ke zuwa ranar Lahadi su ci gasasshen nama da dankali. Da yawansu mashaya ce a haɗe, wannan kuwa ba ruwanmu da shi, kuma su ma ba a aljanna suke ba, domin kowace shekara wasu na rufewa saboda tsadar wuta da haya. Lokacin da nake karatu a can na shiga irinsu, kuma abu biyu suka tsaya mini a rai. A bango akwai allo da aka rubuta abincin ranar da alli, a gefen naman an sa sunan gonar da aka sayo ragon, gonar da za ka iya hangowa ta taga. A ƙofa kuma akwai 'yar koriyar takarda mai lamba daga 0 zuwa 5, wadda ke nuna makin tsafta da jami'in ƙaramar hukuma ya ba gidan bayan ya shiga madafa ya duba. An fara wannan tsari a 2010, kuma a Wales tun 2013 doka ta tilasta a manna takardar inda kowa zai gani.

Mu fara da allon. Sunan gona da aka rubuta yana nufin mai gidan abincin yana alfahari da ƙasarsa, kuma yana sayar da wannan alfaharin tare da naman. Mu kuwa fa? A tsakiyar kakar tumatir, lokacin da kwando ke faɗuwa har manomi ya rasa kuɗin mota, wasu su shanya shi a bakin titi ya zama kauɗa cikin ƙura, wasu su bar shi ya ruɓe a gona, za ka leƙa tukunyar mai shinkafa a garin ka tarar da tumatirin leda take matsawa. Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Na leda ba ya son niƙa, ba ya cin itace kafin ya soyu, kuma mai saye ya saba da jan da yake yi wa miya. Amma abin ya isa ya sa mutum ya yi shiru: manyan motoci na lodin ɗanyen tumatir zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, ƙananan motoci na shigo da na leda. Kamfanin sarrafa tumatir na bukatar biliyoyin naira da wutar lantarki da ba ma da ita. Tukunyar miya kuwa masana'anta ce da mace ɗaya za ta iya kafawa da kuɗin adashi, kuma kwandon da aka dafa a Ikara aka sayar faranti-faranti ya fi barin kuɗi a Ikara a kan wanda dillali ya ɗora wa mota.

Sannan ga maganar fate. Kanawa da Katsinawa sun daɗe suna tsokanar Zage-zagi da shan fate, mu kuma mun karɓi tsokanar har mun fara ɓoye shi. In baƙo mai daraja ya zo, shinkafa ake dafa masa, a ajiye faten tsaki da yakuwa da rama ga 'yan gida. Ga shi yanzu likitoci na ta fama da mutanen birni a kan su rage farar shinkafa da lemon kwalba su koma ga ganye da hatsin da ba a cashe shi ƙal ba. Wato abin da muke jin kunyarsa shi ake rubuta wa masu kuɗi a asibiti. Kano ta riƙe gurasa, Maradi da Agadas sun riƙe kilishi, Bauchi ta riƙe masa, har mutum ba ya barin garin bai ci ba. Ban ga abin da zai hana matafiyi ya san cewa tsakanin Zariya da Kwanar Ɗangora akwai inda ake tsayawa a sha fate da man shanu, a ci dambun masara da zogale, a sayi mazarƙwaila mai tsafta a kai wa yara tsaraba ba.

Ita kuwa koriyar takardar, ba sai mun aro doka daga kowa ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci, haka nan kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda in ya shigo unguwa har randa yake leƙawa. A yau abin da mai abinci ta fi sani game da ƙaramar hukuma shi ne mai yankar rasit. Ana karɓar kuɗinta, ba a kawo mata famfo ba, ba a duba inda take wanke kwano ba, sai ranar da amai da gudawa ya ɓarke a tuna da ita a kore ta. Annobar kwalara ta 2021 ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma ruwa da abinci ne hanyarta. Abin takaicin ma shi ne a cikin garin Makarfi Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris take, inda ake horar da ma'aikatan lafiya, kuma ɗalibanta a irin waɗannan rumfuna suke ci kullum. Da shugabannin ƙananan hukumomin uku za su zauna da kwalejin, da ɗaliban nan sun riƙa zagayawa da malamansu suna duba madafai, suna nuna wa masu sana'ar abin da za su gyara, suna ba da maki a manna a ƙofa. Mai maki 5 za ta ga bambanci a cinikinta kafin wata ya ƙare, maƙwabciyarta kuma ba sai an aika mata da 'yan sanda ba.

Tun da aka sake gina titin Zariya zuwa Kano tafiyar ta yi sauri, kuma direban da a da ramuka ke tilasta masa rage gudu a kowane ƙauye yanzu wucewa yake yi fuu. Duk garin da bai ba shi dalilin taka birki ba, ƙurarsa kawai zai gani. Dalilin kuwa ba mai tsada ba ne. Fili ne a gefen titi a Tashar Yari ko kusa da ita, a kewaye shi, a haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a gina makewayin maza daban na mata daban da ɗan masallaci, a yi rumfa guda ta iyali mai labule. A raba ɗakunan girki ga ƙungiyoyin matan garin, su dafa daga ciki, samari su kai wa masu ci. Sharaɗi ɗaya za a gindaya wa duk wadda ta karɓi ɗaki: 'yarta ba za ta ɗauki tire ba sai an tashi daga makaranta. Kuɗin wannan aiki gaba ɗaya ba zai kai na motar hawa biyu daga cikin waɗanda ake saya wa manyan jami'ai ba, kuma kasafin kowace shekara ana rubuta shi ne a sakatariyar Ikara da ta Makarfi da ta Hunkuyi.