KAFIN RUWA YA ƊAUKE, KA ZUBA IRINKA



Akwai asarar da nake gani kullum a nan Mahuta, kuma tana damuna. Matashi yana da tankin tarwaɗa, duk bayan kwana biyu ko uku ya sauya ruwa ya sake shi a lungu, maƙwabta na ƙorafi, sauro na ƙaruwa. Kashin kajinsa kuma yana jibge a bayan ɗaki. Wallahi taki ne kake zubarwa, alhali kana kukan tsadar abincin kifi.

A ganina duk mai kaji ko kifi ya kamata ya kasance da ɗan lambu, kuma ya reni irinsa da kansa daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Kada ka jira sai hunturu ya kankama.

Dalili kuwa, tumatir, kabeji, latas da albasa sanyi suke so. Tumatir yana yin mako 4 zuwa 5 a gadon reno, sannan kusan wata biyu da rabi bayan dashe ya fara nuna. In ka zuba iri yanzu, furensa zai dace da sanyin Nuwamba da Disamba, ka fara tsinka kafin kaya ya cika kasuwa farashi ya faɗi. In ka bari sai Janairu, furen zai haɗu da zafin Maris da Afrilu ya kakkaɓe. Ga ganye kore shar, ba 'ya'ya.

Wani zai ce, ai dashe na kasuwa ya fi sauƙi. Haka ne, amma ba ka san irinsa ba, ba ka san cutar da ya ɗauko ba. Mun ga yadda tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kuma ƙwanta na bin dashe daga gona zuwa gona. Wani kuma zai ce lambu sai mai fadama. To, da yanayin tsaron da ake ciki a ƙasar Zuru, ba kowa ke iya zuwa gona mai nisa ba. Bayan gida ma gona ce.

Ga abin da za ka kiyaye:

1. Gadon ya zama mai tudu, faɗinsa mita 1. Ruwan ƙarshen damina in ya kwanta, gindin tsiron ruɓewa yake.
2. Kada ka sa ɗanyen kashin kaji. Ni na taɓa yi, cikin kwana uku gado guda ya ƙone ƙurmus. Ka tara shi da ɓuntun da ke ƙarƙashin kajin, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa, sai ya huce ya daina wari, kamar wata biyu. In naka bai ruɓe ba tukun, nemi tsohon taki.
3. Zuba iri a layi, zurfin kamar santimita 1, ka rufe da busasshiyar ciyawa. Da ya tsiro ka ɗage ciyawar ka yi masa rumfa, ka cire ta mako guda kafin dashe don ya saba da rana.
4. Ruwan kifi a gindi ake zuba shi, ban da ganye, musamman latas da ake ci ɗanye. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani, ruwan nan ba na lambu ba ne.
5. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna ake shuka shi. Albasa kuwa sai ta yi mako 6 zuwa 8 a reno, kamar yadda manoman Aliero ke yi.
6. Ka yi shinge. Kaza ɗaya ta isa ta tone aikin wata guda.

In jarinka kaɗan ne, fara da alayyahu. Cikin wata ɗaya ka fara yanka, ka ci, ka sayar, ragowar ganyen ka ba kaji.

Ban ce lambu zai sa ka kuɗance a kaka ɗaya ba. Amma cefanen gida ya sauka daga wuyanka, kuɗin kifi ya koma wa kifi. Da sanyin safiya ake kama fara, 'yan uwa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu.