Sharhi: Yadda za a gane malamin da ya iya koyar da makafi da kurame a Yamai

A Yamai akwai makarantu biyu da iyayen yara masu buƙata ta musamman suka fi sani: makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Bâ. Sai kuma makarantun firamare na kowa da kowa, inda ƙungiyoyi irin su Handicap International suka daɗe suna tallafa wa shirin haɗa yara masu naƙasa da sauran yara a aji ɗaya. A duk wuraren nan matsalar guda ce. Idan malami ya zo da takardar kammala karatu, babu abin da ke cikinta da ke nuna ko ya iya rubutun Braille, ko zai iya yi wa kurma bayanin lissafi da maganar hannu.

Ta fuskar doka, Nijar ba ta baya. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta tanadi ilimi na musamman, ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, sannan a Disambar 2019 aka kafa dokar shigar da su cikin harkokin al'umma. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na jama'ar ƙasar na da wata naƙasa. Abin da ya rage shi ne malamin da zai mayar da alƙawarin doka ya zama darasi.

Masu bibiyar harkar ilimi ba su manta da watan Yulin 2017 ba, lokacin da gwamnati ta yi wa dubun-dubatar malaman kwantiragi jarrabawar Faransanci da lissafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, aka soke kwantiragin dubbai, ƙungiyoyin malamai kuma suka yi tir da matakin. Jarrabawar ta tona raunin da ke akwai, amma irinta ba ta iya auna malamin ilimi na musamman. Mutum zai iya cinye maki a takarda, ya tsaya gaban yaron da ba ya ji ya rasa ta inda zai fara.

Nan ne kundin aiki yake da amfani. Ya bambanta da kundin bincike da ɗalibin digiri na biyu ke karewa a gaban malamansa. Fayil ne da mai koyon malanta ke tarawa tun daga farkon horo: tsarin darasin da ya sauya don ya dace da wani yaro, shafukan Braille da ya rubuta da hannunsa, ɗan bidiyon darasi, aikin yaron a farkon zango da na ƙarshensa, rahoton malamin da ya sa masa ido, da bayaninsa kan dabarar da ta ci tura da yadda ya gyara. A Amurka jihohi da dama sun yi amfani da irin wannan tsari, mai suna edTPA, kafin ba malami lasisi, ko da yake wasu sun janye daga baya saboda tsada da yawan aiki.

Wannan janyewar darasi ne ga Nijar. Babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke yaye malaman sakandare da sufetoci, da makarantun horar da malaman firamare na jihohi, za su iya ɗaukar tsarin ba tare da sayen manhaja mai tsada ba. Fayil na takarda da wayar hannu sun wadatar. Amma sai an cika sharuɗɗa uku. Na farko, masu duba kundin su haɗa da malamai makafi da kurame, domin sufeton da bai iya maganar hannu ba ba zai gane kuskure a bidiyo ba. Na biyu, a kare sirrin yara: kada a ɗauki hoto sai da yardar iyaye, kada kuma ya ƙare a WhatsApp ko TikTok. Na uku, kundin ya yi tasiri wajen tura malami aiki da ƙarin girma. In ba haka ba, zai zama kwafe-kwafen da ake bugawa a shagunan kwamfuta na bakin jami'a.

Ga matasan da ke tsallakawa Najeriya neman wannan ilimi, a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Jos, kundin na da wata riba. Digirin Ingilishi na iya jiran tantancewa a ofis, amma bidiyon darasi ko shafin Braille kowane shugaban makaranta na iya dubawa ranar da aka kai masa. Haɗarin shi ne ƙwararrun su bi albashin ƙungiyoyin agaji ko su fice ƙasashen waje. Maganin wannan yana hannun ma'aikatar ilimi: ta ware matsayi da alawus ga malamin da kundinsa ya tabbatar da ƙwarewarsa, ta kuma tura shi ajin da ake buƙatarsa.