Ku daina cewa "ai lambar ɗaya ce"

1/ Akwai wani ra'ayi da ke yawo a tsakanin 'yan kwamfutarmu na Samaru: wai in an ɗaga sigar yarjejeniya a rawuta, kawai a ci gaba daga inda aka tsaya, tunda lambar ba ta canja ba. Wannan ganganci ne, jama'a. Ku biyo ni.

2/ Kamfanonin intanet da BGP suke sanar da juna hanya, shi kuma BGP duk abin da aka faɗa masa yarda yake. Shi ya sa aka kawo RPKI: takardar shaida cewa wane ne ke da ikon tallata waɗannan adireshi. Mu a Afirka ta hannun AFRINIC ake yi.

3/ Rawuta ba ta tantance takardun da kanta. Wata saba ce ke yi, ta miƙa mata sakamako. Sigar 0 ta wannan hira ta fito a 2013 (RFC 6810), sigar 1 a 2017 (RFC 8210). Suna riƙe lamba biyu: lambar zama da lambar jeri. Rawuta ta ce "na tsaya a 40", saba ta turo abin da ya canja bayan 40 kaɗai.

4/ To nan ne rigimar. Mai shago a kasuwar Sabon Gari ya sake littafin bashi. Shafi na 40 a tsohon littafi shi ne shafi na 40 a sabo? Je ka ce masa "ci gaba daga 40" ka ga kallon da zai maka.

5/ RFC 8210 ya faɗa ƙarara: zama na sigarsa ne kawai. Sai siga, lambar zama da lambar jeri sun dace, su ukun. Lambar zama ma bit 16 ce, 65,536 kacal, karo ba abin mamaki ba ne. In siga ta canja, ka nemi jeri cikakke daga farko.

6/ Sai su ce ɓata lokaci ne. Haba! Rawutar da ta ɗora sabbin canje-canje kan tsohon jeri fa ba ƙara za ta yi ba. Shiru za ta yi, tana iya yar da hanyar gaskiya ta karɓi ta bogi, kai kuma kana gaban mai POS kana zagin "sabis".

7/ Masu cewa wannan matsalar Turawa ce: 12 ga Nuwamba 2018, MainOne na Legas ya yi kuskure wajen gyaran na'urorinsa, zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da China fiye da awa ɗaya. Daga Najeriya fa.

8/ Kafin wani ya taso min: eh, tantance mai adireshi kaɗai ba zai tare irin wancan ba, yoyon hanya ne. Don haka aka tsara sigar 2 mai ɗauke da ASPA. Kenan wani sauyin siga na jiranku, kuma ku ne za ku zauna gaban rawutocin nan bayan bautar ƙasa.