Galaxy S24: Kafin Ka Taɓa Jari

Tun da Samsung ya fitar da Galaxy S24 a Janairun 2024 ake yaba fassarar da take yi ana cikin kira: kai da Faransanci, abokin cinikinka na Guangzhou da Sinanci. Sai dai da harsuna 13 ta fito, babu Hausa.

An yi alkawarin shekara 7 ana sabunta manhajarta, don haka ko ta hannu tana da sauran kwana. Amma Ultra, kusan dala 1,300 aka sa mata a Amurka. Ai jarin wani ne sukutum!

In za ka saya, danna *#06#, ka gwada lambar da ta jikin kwali. In sun saɓa, ajiye ta. Kuɗin makarantar yara dai kada a taɓa.